Gilasan Lubna

Lubna ta sauka daga motar haya ta gbaka a Adjamé da takardar izini a hannu. Gobe wani asibiti a Treichville zai bar ta ta yi aiki da madubin likita na awa uku kacal. Abin da ya rage mata ke nan ta kammala digirinta.

Shekara biyu da suka wuce, wani ƙaramin jirgin masu bincike ya ɗauke ta, sau ɗaya tak, ya ratsa da ita gajimaren nan marasa kauri da ke shawagi a kan teku. Ta wata kafa ta riƙa miƙa 'yan gilasai da ta turara da hayaƙin kyandir. Duk ɗigon da ya bugi gilashi sai ya bar tabonsa a baƙin. Tabon ake dubawa a madubin likita a auna yadda ɗigo ke taruwa a kan ƙwayar gishirin teku, ya yi ta haɗiye 'yan'uwansa har ya yi nauyin zama ruwan sama. Da rikici ya sa aka rufe jami'a, ta kwaso gilasan nan sittin a gwangwanin biskit ta ɓoye ƙarƙashin gado a gidansu da ke Bromakoté. Masu wawaso ba su gan su ba.

Ta manta Sallah saura kwana biyu. A gidan Hajiya Tsahara kuwa, uwarta, idan Sallah ta gabato ko allura sai ta sha wanki.

A tsakar gida ta tarar da gilasan jere a faranti, suna ƙyalli a rana.

"Maman, me kika yi?"

"Kayan labo ɗinki na makaranta ne," in ji Hajiya tana yarfe hannu. "Duk sun yi baƙi ƙirin. Sau uku na bi su da toka da sabulu, har yatsa na yanke. Ko ɗaya ban fasa ba."

Lubna ta ɗaga guda. Sararin sama kawai ta gani ta cikinsa. Babu sauran tabo ko ɗaya. Ta so ta yi faɗa, amma da wa? Ga matar da ba ta taɓa zama a aji ba, wadda ta ishi maƙwabta da labarin 'yarta mai karatun gajimare, tsaye tana jiran yabo da tsumma ɗaure a yatsa.

"Yanzu malamanki ba za su ce daga gidan ƙazamai kika fito ba," in ji Hajiya.

Lubna ta ninke takardar izinin ta cusa a jaka.

"Sannu da aiki, Maman. Sun fita fes."

Ta shiga ɗaki nemo maganin da za ta sa mata a yatsan.