Gwanon Dakta

Gawa goma sha tara Goggo ta tsince a safiyar Litinin. Ta jera su a kan farar takarda da hantsaki, ta ƙirga sau biyu, ta rubuta a littafi. Ranar Juma'ar da ta wuce goma sha ɗaya ta rubuta.

Shekararta ashirin da shida a sashen nazarin ƙwari na jami'a, kusan duk a bakin famfo tana wankin gilasai, shi ya sa ɗalibai ke ce mata Goggon Kwalba. Ba ita ta nemi kiwon gwano ba. Dakta, malamin da take yi wa aiki, shi ne ya tafi kurmi, tafiyar kwana biyu, ya haƙo gidansu ɗungurungum, har da sarauniya da ƙwai. Ba irin na gefen hanya ba ne. Waɗannan sun fi girma, baƙaƙe ƙirin, kuma ba sa cin komai sai gara mai rai. Sau biyu yana kawowa suna mutuwa. Na ukun ne suka zauna, har wata tara. Sai wata Laraba Dakta ya faɗi a gaban allo da alli a hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta bi shi.

Sati biyu bayan haka Shugaban sashe ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin gwanon, bai shigo ba.

"Goggo, ba zan ɓoye miki ba. Takardun jarrabawa sun cinye ofishina, har kujerar baƙi. Na ba ki zuwa ƙarshen wata. In na zo na tarar gwanon suna raye, suna fita farauta, ɗakin na Dakta ne. In kuwa ƙarewa suke yi, a kwashe a share, in zuba takarduna."

"To, ranka ya daɗe."

Ita dai ta yi iya yinta. Dakta mutum ne mai ilimi, amma a ganinta ƙazami ne. Gidan gwanon akwatin gilashi ne a kusurwa ɗaya. A can ɗaya kusurwar akwai wani faffaɗan akwati cike da ƙasa, wanda yake kira filin daga, inda ake zuba musu gara. Tsakanin biyun ya haɗa da tiyo mai tsawon mita goma sha biyu, irin wanda ake hango cikinsa. Tiyon ya bi ƙarƙashin tebura, ya zagaya kabad, ya gitta bakin ƙofa. Sau biyu yana kayar da ita. Cikinsa ya yi dauɗa har ya koma ruwan ƙasa. Duk lokacin da ta nufo shi da tsumma, abu ɗaya Dakta ke cewa: "Kar ki taɓa." Dalilin kuwa ɗalibai yake yi wa bayaninsa, da dogon turanci, lokacin ita tana can bakin famfo.

Da ɗakin ya dawo hannunta, sai ta gyara shi. Ta cire tiyon, ta wanke shi da sabulu da ruwan zafi, ta nannaɗe ta ɗora bisa kabad. Ta jawo filin daga ta manna shi da gidan, don kada bayin Allah su riƙa wahalar tafiya. Kowace safiya takan canja ƙasar, ta goge gilashi, ta zuba musu gara a bakin ƙofarsu. In ta ga wanda gara ta cije wa ƙafa yana birgima, sai ta ɗauke shi da hantsaki ta jefa a kwalba. Haka aka koya mata tun tana kula da ɓeraye: mai ciwo a ware shi, kada ya shafa wa sauran.

Ɗakin ya yi fes. Gwanon kuma suka daina fita. In ta zuba gara sai su fito a warwatse, su yi ɗan artabu a bakin rami, su koma hannu rabbana.

Ranar Laraba da la'asar ta je duba Dakta. An kwantar da shi a falo kusa da taga, an rufa masa zane zuwa ƙirji. Da ya gan ta sai ya fara kokawa da leɓensa.

"Sun… fita?"

"Suna lafiya, Dakta. Suna gaishe ka."

"Kin ji shi, ko?" in ji matarsa, tana matse tawul a roba. "Ni bai taɓa tambayata ko na karya kumallo ba. Kalma biyu ta rage masa a baki, ya ɗauka ya ba tururuwa."

"Gwano ne, Madam."

"Ko kwarkwasa ce, Goggo. Ita za ta juya shi a gado?"

Dakta bai ɗauke ido daga kanta ba. Ya sake cewa, "Sun fita?" Goggo ta duƙa ta gyara masa zanen da bai zame ba, ta yi sallama.

Mai kawo mata gara wani dattijo ne da ke kula da shuke-shuken sashen, kowa na ce masa Mai Lambu. Kullum a bakin ƙofa yake ajiye bokitin ya wuce. Ranar Alhamis bayanta ya riƙe, ta ce ya taimaka ya shigo da shi ciki. Ya shigo ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya dubi bango.

"Kai, Goggo! Ɗakin haihuwa kika mai da shi? Ina macijin Dakta?"

"Yana bisa kabad. Ajiye bokitin a can, kar ka taka mini wuri."

Bai ajiye ba. Ya leƙa filin daga, ya ga yadda ya manne da gidan, ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ke a gidanku maharbi a tsakar gida yake farauta?"

"Ga abinci a bakin ƙofa. Me kuma suke so? In tauna musu?"

"Ai ba bara suke yi ba. Ɗaya ke fita shi kaɗai, ya yi ta yawo kamar wanda ya yar da allura. In ya gano gara, ba ya taɓa ko ɗaya. Sai ya juya gida yana jan gindi a ƙasa. Wannan jan gindin shi ne hanyarsu, shi suke shaƙa su bi a jere. In babu nisa babu ɗan aike, in babu ɗan aike babu yaƙi. Ga ki kuma kullum kina bin bayansu da sabulu."

"Yaushe ka zama Dakta?"

"Shekara arba'in ina noma. Ido gare ni, takarda ce babu." Ya ɗaga kwalbar da ke kan tebur ya kara ta a haske. "Waɗannan fa?"

"Masu ciwo ne."

"Ga wannan yana motsi. Ga wani. Haba, Goggo. Ai 'yan uwansu ke ɗaukarsu su kai gida, su yi ta lasar ciwon. Gobe ki gan shi a sahu da ƙafa biyar, har yana wuce masu shida."

Ya ajiye kwalbar, ya ajiye bokitin, ya fita yana goge hannu a wando.

Ta zauna ta buɗe littafin. Rubutunta ne, tsaf, layi bayan layi: mai rauni, an cire. Ta haɗa jimla a gefen shafi. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Ta daɗe tana kallon lambar. Sannan ta juye kwalbar a hankali a bakin ramin. Uku ne ke motsi. Kafin ta rufe littafin an fito an ja biyu ciki.

Saukar da tiyon ya ci mata yini. Ƙamshin sabulu yake yi, don haka ta ɗauraye shi sau bakwai, ta shanya a rana, ta ɗura masa ƙasa ta zazzage. Ta tura filin daga zuwa kusurwarsa da gwiwa, tana hutawa a hanya. Ba ta tuna ainihin inda tiyon ya bi ba, sai ta bi tabon da ya bari a siminti, inda tsummanta bai gama cinyewa ba. Ta zuba gara a can nesa, ta rufa musu busasshiyar ciyawa.

Juma'a babu wanda ya shiga tiyon. Asabar ta zo, ko da yake ba ranar aiki ba ce, ta tarar da gawa takwas. Ba ta taɓa su ba. Lahadi ta zauna a kujera da hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta, don ƙura ta fara kwanciya a gilashin kuma tsumma na rataye a inda take ganinsa.

Litinin da hantsi gwano ɗaya ya shiga tiyon. Ya yi taku kaɗan ya dawo. Ya sake shiga, ya tsaya, ya juya, kamar mai cinikin da bai yanke shawara ba. A karo na uku ya miƙe. Ta bi shi da ido ƙarƙashin tebur, ta tashi ta bi shi da ƙafa bayan kabad. Ya kai filin, ya zagaya ciyawar, bai taɓa komai ba. Da ya juyo, gindinsa na ƙasa.

Ya shige gida. Ta ƙirga numfashinta har ta ɓata lissafi. Sai suka fito, a jere, shi a gaba, suna wani ɗan sauti kamar ana murza busasshen ganye. Sittin da uku ta ƙirga. A zamanin Dakta sukan haura ɗari uku. Yaƙin bai kai minti goma ba. Suka juyo kowa da gara cike da baki, na ƙarshe kuma ɗauke da ɗan uwansa, wanda ya naɗe ƙafafunsa ya yi lamo.

Goggo ta rubuta lokaci da adadi. Ta ji yunwa, ta tuna ba ta ci komai ba tun safe.

Ranar ƙarshen wata Shugaba ya zo da ƙarfe goma. Ƙafarsa ta farko a ɗakin ta sarƙe da tiyon, sai da ya dafa bango.

"Subhanallahi! Goggo, ke ce da wannan ƙura? Wancan satin na wuce na ga ɗakin kamar a ci abinci a ƙasa."

"Wancan satin mutuwa suke yi, ranka ya daɗe."

"Yanzu fa?"

"Sun fita sau biyar. Ga littafi. In za ka jira, wataƙila su fita kafin azahar. Ba su da agogo."

Ya karɓi littafin ya duba shafi biyu. Ya leƙa gilashin, inda wasu ke jujjuya fararen ƙwai. Sannan ya jawo kujera ya zauna, abin da bai taɓa yi a ɗakin ba.

"Takarda ta zo jiya daga iyalin Dakta. Ya ajiye aiki. Ƙaninsa zai tafi da shi can wajensu, likitoci sun ce sai dai jinya." Ya rufe littafin. "Na yi alkawari, ban manta ba. Amma don shi na yi, ga shi ba zai dawo ba. Na tambayi malamai, babu mai so. Ɗalibansa duk sun koma kan sauro. Magana tana hannunki. In kin ce a kwashe, babu mai ganin laifinki. In kin ce a bari, ke ce Asabar, ke ce Lahadi, kuma ba ni da wanda zan ba ki."

Shekara biyu ta rage mata ta yi ritaya. Ta yi tunanin matakala ashirin da biyu da take hawa kullum, da motar haya biyu da take shiga kafin ta iso. Ta yi tunanin bakin famfo, inda kwalba ba ta mutuwa in an manta da ita kwana biyu. Kurmin da aka ɗebo su kuwa ba ta san hanyarsa ba, kuma babu mai mayar da su.

"A bar su."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ba su faɗa mini ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya dubi bangon da ke kusa da taga, yana auna shi da ido.

"To rabin can zan zuba takardu. Ba ni da yadda zan yi."

"A zuba. Amma duk wanda zai shigo da su ya ɗaga ƙafa. Kuma kar a aiko mini mai shara."

Da ya tafi ta ɗan zauna. Sannan ta sauka ta sami Mai Lambu a bayan sito yana wasa fartanya, ta gaya masa za a ci gaba da kawo gara.

"Surin nan na baya ya ƙare, Goggo. Kun cinye shi. Saura na bayan filin ƙwallo, kuma ni ƙafata ba ta kai can kullum."

"Kwana nawa za ka iya?"

"Uku a sati."

"To nuna mini wurin," in ji ta. "Amma mu tafi a hankali."