Ranar da Hannuna Ya Koma Sabon Coci

Jiya da dare mafarki ya kai ni garinmu, amma hannuna na dama ba ya jikina. Ban yi mamaki ba. Tun da cocinmu ya dare biyu, surukata ta bi sabon fasto, Inna mahaifiyata ta zauna a tsohon gini, ko gaisuwa ba ta haɗa su. A mafarkin kuwa har gaɓoɓi sun zaɓi ɓangare.

Ina goye da 'yata Murna, majanyi ya kwance. Ba a ɗaure goyo da hannu ɗaya. Na dinga tafiya a duƙe kada ta zame.

A ƙofar sabon coci agwagwa ce mai gadi, ta ɗaura zanen zumuntar mata.

"Don Allah, Mama, hannuna nake nema."

"Yana ciki yana tafi. Sai an tashi."

"Yarinya za ta faɗi!"

"'Yar wane ɓangare ce?"

Sai ga ni a tsohon coci. Bencuna cike da kunnuwa zalla suna jiran wa'azi, bakuna duk sun ƙaura. Inna na tsaye ta tokare bango da hannu bibbiyu.

"Inna, ɗaure mini goyo."

"Ba ki ga gini nake riƙe da shi ba? Je wurin uwar mijinki, ai ita ce mai sabon Ruhu."

Na fito. Ruwan sama yana tsattsafowa daga ƙasa, yana jiƙa gajimare. Murna ta sauko har kwankwasona. Nan na tuna ayar nan da ta ce jiki ɗaya muke cikin Almasihu, in gaɓa ɗaya ta ji ciwo duka sun ji. Dā na ɗauka maganar taron sulhu ce, wadda dattawa ke karantawa kafin su zagi juna. A duƙe nake na gane: in jikin ɗaya ne, kowane hannu nawa ne.

Na daina nema. Zuciyata ta kwanta, kamar an sauke mini tulu.

Wani hannu mai kaushi, yana ƙamshin daddawa, ya kamo bakin majanyi. Na ja da hagu, ya ja, muka ƙulla. Ban waiga ba. Na dai san hannun Inna, na san na surukata, wannan ba ko ɗaya ba ne.

Na miƙe tsaye ke nan, injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.