Ƙararrawar Misis Katsaros

"Farantin yana juyawa, fitila tana ci, amma miya ta fito da sanyinta," in ji Misis Katsaros. "Kamar marigayi mijina. Motsi da yawa, ba zafi."

Maƙwabcinta Desmond Kerrigan ya kara kunne jikin na'urar ɗumama abincin. Gurnani take yi, tana warin ƙonanniyar roba. Shekara talatin ya yi yana aikin lantarki a Whyalla kafin ya yi ritaya.

"Ba fiyus ba ne. Bututun da ke ba da zafin ne ya mutu. Sai an aiko da sabo daga Adelaide."

"Ɗana Manoli ya ce in jefar da ita, zai saya mini wata."

"Yaushe ya ce?"

"Tun bikin Ista."

Cikin irin wannan na'urar akwai abin da ke riƙe wuta ko an cire ta daga soket, kuma yana kisa. Desmond ba zai bar ta a buɗe a gidan tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu ba. Ya rungume ta zuwa gidansa. Ranar Litinin ke nan.

Bango ɗaya ne ya raba gidajen biyu. Misis Katsaros ta tsani a leƙo ta. Ta taɓa korar matar Desmond, Noelene, da tsintsiya. Don haka Noelene ta koma sauraro. Da safe tsohuwar takan ɗumama madara, da rana miya, da yamma abin da ya saura. Ƙararrawar na'urar tana ratso bangon sau uku kullum, Noelene ta ce, "Tana nan." Shekara shida a haka.

Ranar Laraba Noelene ta ajiye cokali. "Des, shirun nan ya yi yawa."

"Na'urar ga ta kan teburinmu. Me kike so ya yi ƙara, haƙoranta?"

Noelene ta yi dariya, ta ci gaba da cin abinci.

Bututun ya iso ranar Juma'a. Desmond ya ɗaura shi, ya gwada da kofin ruwa. Ruwa ya tafasa. Ya ɗauki na'urar ya je ya ƙwanƙwasa, ya sake. Daga nan ya ajiye ta a bakin ƙofa, ya ɗauko makulli ƙarƙashin tukunyar fure.

Misis Katsaros tana kwance a kicin ba rai, kanta dab da bangon.

Likita ya ce ƙashin ƙugunta ne ya karye, wataƙila tun Talata. Ya ce ta yi kamar kwana biyu da rai a wurin.

Ɗanta Manoli ya zo ranar Lahadi da motar kwasar kaya. Ya tarar da na'urar inda aka bar ta.

"Da ka bari na sayi sabuwa, Mista Kerrigan."

Desmond ya dube shi.

"Ka riƙe ta kawai. Ai ka sha wahalarta," in ji Manoli.

Na'urar tana kicin ɗin su Desmond yanzu, tana aiki lafiya lau. Da safe Noelene takan saka madara, ta tsaya tana kallon lambobin suna sauka, hannunta a kan marfin. Saura daƙiƙa biyu ƙararrawar ta buga sai ta buɗe.