Rifkatu Ta Sauka a Guangzhou

Ranar da Rifkatu za ta tafi China karatun noman rani, mahaifinta Maikano bai ko leƙa gonarsa ta tumatir da ke Kadawa ba. Maƙwabcinsa Sammani, wanda gonakinsu ke shan ruwan kwata ɗaya, shi ya kwashe su a motarsa zuwa filin jirgin Kano.

A hanya Maikano ya kasa yin shiru.

"Sake faɗa mini, kwana nawa za ki yi a sama?"

"Baba, ba kwanaki ba ne," in ji Rifkatu tana dariya. "Daga nan zuwa Addis Ababa kamar awa biyar. Mu ɗan huta, mu canja jirgi. Daga can zuwa Guangzhou kamar awa goma. Duka tafiyar ta haura kilomita dubu goma sha ɗaya."

Sammani ya bugi sitiyari. "Kai! Tumatirin da muka loda jiya ma bai isa Legas ba, ke kuma gobe kina ƙarshen duniya?"

Da jirgin ya tashi, Maikano ya cire hularsa yana kaɗa ta, har sai da ya daina ganin komai sai sararin sama. Kan hanyar komawa gida duk wanda suka tsaya gaisawa da shi sai ya ji labari, har mai sayar da rake a bakin titi.

Washegari da hantsi yana tsakiyar ban ruwa, laka har ƙauri, wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a riga da sauri. Sai ga fuskar Rifkatu, idanunta jajur don gajiya, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

"Baba, mun sauka! A nan la'asar ta kusa."

"La'asar? Ni ko kunu ban gama narkarwa ba!" Ya ɗaga murya. "Sammani! Zo ka gani, ta isa!"

Sammani ya yar da fartanya ya tsallako kunyoyi.

"Kawu, ina kwana?" in ji Rifkatu. "Da muna saukowa na leƙa taga. Ruwa ko'ina, an yanka shi gida-gida kamar fadamarmu, sai dai ba ka ganin ƙarshensa."

"To ki buɗe ido da kyau," in ji Sammani. "Duk abin da suke yi, ki kwaso mana."

Maikano ya tambaye ta ko ta ci abinci, ko kunnenta ya toshe, ko akwai sanyi. Bai jira amsa ba ya tuna da mahaifiyarta.

"Tsaya, kar ki kashe! Bari in kai wa mamarki."

Ya nufi gida a guje ba takalmi, wayar a ɗage sama, yana ta kiran sunan matarsa tun daga nesa. Sammani ya duba ya ga ruwa ya cika fangalin tumatirin Maikano yana malala kan hanya. Ya yi dariya, ya ɗebi laka ya toshe bakin kwatar.