Baƙon Surukin Saminu

Saminu ne ke kula da ordinatar, wato kwamfutar ƙungiyar makiyaya a Dakoro, kuma ba a raba shi da cika baki. Ya kafa wa rezon biro, wato layin sadarwar ofis, katangar tsaro, ya toshe kowace ƙofa, ya bar guda ɗaya tak da shafukan intanet ke bi. Ya fi kowa sanin aibin ƙofar nan: katanga tana duba ta inda saƙo ya shigo, ba ta kwance shi ta ga abin da ke ciki.

Wata ranar kasuwa surukinsa, Alhaji Zakariya na Korahane, ya shigo da wani baƙo mai fara'a. Baƙon ya ce yana da manhajar da za ta riƙa aiko wa makiyaya farashin dusa a waya, muddin aka haɗa ta da ordinatar.

"Ba sai ka buɗe komai ba," in ji baƙon. "Ta ƙofar da ke buɗe za ta bi."

Saminu ya gane akwai haɗari. Ya kamata ya bincika manhajar, ya tambayi wanda ya yi ta. Amma ina! Mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da surukinsa, shi zai titsiye baƙonsa?

"To, Baba," ya ce, kansa a sunkuye. Ya haɗa ta.

Bayan 'yan makonni saƙo ya fita da sunan ƙungiya, wai a kai shanu rigakafi wata rijiya can arewa. Umarnin ta ƙofar nan ya shigo wa manhajar baƙon, katanga ba ta ce uffan ba. Alhaji ne ya fara tura garkensa, don ya yarda da aikin mijin 'yarsa. Ɓarayi ne ke jira a rijiyar.

Saminu ya je jaje, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Garken wayam, sai igiyoyi a turaku.

Alhaji ya ɗago kai ya dube shi.

"Saminu, ka san abin ga na iya hwaruwa?"

"Na sani, Baba."

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Kunyarku ce, Baba."

Tsohon ya dubi turakun.

"Ni ban yi karatun lakkwal ba, kai ka yi. Don ka ce mini a'a na kawo baƙon nan wurinka."