Kujerar da ke Hagun Virgil

A garin nan namu na bakin tafki, inda masana'antun ƙarfe suka mutu suka bar mana tari da ƙungiyar ƙwallon Amurka guda wadda ta manta hanyar ɗaukar kofi, mutane kashi biyu ne. Akwai masu cewa laifin kwatabak ne, wato mai jifan nan da kowane hari ke tashi daga hannunsa. Akwai masu cewa laifin koci ne. Wanda ya ce laifin su biyun ne, to baƙo ne, ba ma ɓata yawunmu a kansa.

Virgil Hadsell ɗan ɓangaren masu zagin koci ne. Ya tsufa yana tuƙa motar kwashe ƙanƙara ta hukumar gari, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Kujerarsa tana can saman filin wasa, inda iskar tafki ke fara sauka kafin ta kai ga masu kuɗi. Tikitin shekara yake yanka, kujerar nan dai ita ce kullum. A hagunsa kuwa Emmett ne, wani siririn tsoho mai jar hula, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ganin kwatabak ɗin da ya burge shi ba.

Shekara talatin da ɗoriya suna zaune kafaɗa da kafaɗa. An kori koci an kawo wani, an sayar da kwatabak an sayo wani, su dai kowa na nan kan bakansa. A 'yan shekarun nan Tennant ne ke jifa, Oakes ne koci, sai faɗan ya koma kansu.

"Ka gani ko? Ka gani da idonka?" Emmett zai ce, yana dukan cinyar Virgil kamar tasa. "Ga mutum can a buɗe yana ɗaga hannu, ya ɗauka ya miƙa wa abokan gaba! Ko kakata ta fi shi saiti, kuma tana kabari."

"Wa ya ce masa ya jefa? Taku ɗaya ya rage, ko mahaukaci ya san rugawa ake yi da ita. Kocin nan mai sanƙo ne ya ce a jefa. Ka aiki yaro cikin wuta, ka dawo kana zaginsa don ya ƙone."

"Allah ya shirye ka, Virgil."

"Miƙo romon nan, tsohon banza. Bakinka ya fi amfani in yana tauna."

Haka tsarin yake. Emmett ke zuwa da fulas ɗin romon wake, Virgil ke zuwa da burodi biyu da nama a ciki, ya cika musu albasa har Emmett ya yi ta mita yana cinyewa. In wasan ƙarshe ya tashi a cikin hunturu, sai kowa ya ja hularsa, a ce, "Sai kaka." Shi ke nan. Ba a taɓa karɓar lambar waya ba, ba a taɓa zuwa gidan juna ba. Me za a yi da lamba, mutum yana da kujera? Mu mazan garin nan mun iya wannan wautar, muna kiranta mutunci.

Shekarar da matar Virgil ta rasu, wasa biyu bai zo ba. Da ya dawo, Emmett ya dubi burodin, ya ga na kanti ne ba gashin gida ba, ya dubi fuskar mutumin. Bai tambayi komai ba. Sai dai ranar ya tsananta wa kwatabak zagi fiye da kullum, ya yi ta tsokana har Virgil ya fusata ya miƙe tsaye yana ihu. A hanyar gida ne Virgil ya lura cewa awa uku ke nan bai tuna da asibiti ba.

To bana da kaka ta shigo, Virgil ya hau matakala da burodinsa biyu, ya tarar da wata budurwa a kujerar Emmett tana ɗaukar kanta hoto. Ta ce a waya ta sayi tikitin, ba ta san mai shi ba. Mako na gaba wani ƙato ne sanye da rigar abokan gaba. Virgil ya tambayi mai nuna wa mutane wurin zama, ya ce shi sabo ne. Ya gangara ofishin tikiti, wata mata ta ce cikin fara'a ba a ba da bayanin masu kujeru, amma in ya faɗi cikakken sunan abokin nasa za ta ga abin da za ta iya.

Nan Virgil ya shiga lalube a ƙwaƙwalwarsa. Ya san Emmett ba ya shan giya tun da aka yi masa aikin ciki. Ya san yana da 'ya guda, Lorna. Ya san daga tsallaken gada yake zuwa, kuma in ya ji tsoron wasa yana murza kunnensa na dama. Amma sunan mahaifinsa, ko a mafarki bai taɓa ji ba. Kunya ta kama shi, ya ce wa matar ya gode, ya fita.

Gidan Virgil ba shi da hayaniya. Ɗansa yana can kudu inda ba a san ƙanƙara ba, yana kira ranar biki. Daga Litinin zuwa Asabar, in ban da mai kawo wasiƙu da yarinyar kantin magani, ba wanda ke jin muryarsa. Da can bai damu ba, don duk makon yana tara maganganun da zai jefi Emmett da su ranar Lahadi. Yanzu yana tarawa, ba wurin saukewa. Kewa ta ishe shi, irin wadda namiji ba ya faɗa, sai dai ya yi ta gyaran famfon da bai lalace ba.

Akwai wani shiri da ake yi a rediyon gari kowace Litinin da safe, inda Babban Dale ke buɗe waya mutane su amayar da baƙin cikin jiya. Virgil da Emmett sun sha cewa marasa aikin yi ne kaɗai ke kiran shirin, amma ba Litinin ɗin da shirin yake wuce su. Sai dabara ta faɗo wa Virgil. In dai Emmett yana numfashi a garin nan, akwai maganar da ba zai iya haɗiyewa ba.

"Muna tare da Virgil daga yammacin gari," in ji Babban Dale. "Baba, me ke tafe da kai?"

"Na kira ne in ce Tennant ya fi duk wani kwatabak da garin nan ya taɓa gani. A kori Oakes yau, yaron nan ya kawo mana kofi baɗi."

"Subhanallahi! Baba, ka sha maganinka da safen nan kuwa?"

Gari ya ɗauka. Direbobi suka kira, masu aski suka kira, wata tsohuwa ta ce a karɓe masa tikiti a ba mai hankali. Virgil ya zauna a kicin, kunne a jikin rediyo, yana tace muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk sun zage shi, amma ba wanda ya iya zagin yadda ya kamata.

Ya sake kira mako na gaba, da na gaba. Dale ya laƙaba masa suna Lauyan Tennant, har da ɗan kiɗan da ake saka masa in ya shigo. A kantin magani aka fara nuna shi da baki. Mutumin da ya yi shekaru ba ya son a san da zamansa ya zama abin dariyar gari, ya kuma daure, don ba su yake yi wa magana ba.

Ranar wata Lahadi cikin Disamba, Tennant ya yi wasan da ko uwarsa ba za ta kare shi ba. Ya yi ta rabon ƙwallo ga abokan gaba kamar mai sadaka. Oakes kuwa, a faɗi gaskiya, ya tsara komai daidai. Virgil da kansa ya gani, ya kuma ji haushin cewa ranar da Emmett ya fi kowa gaskiya a duniya, wani yaro ne mai cin gugguru a kujerarsa. Duk da haka da gari ya waye ya ɗauki waya.

"Jama'a, ga Lauya!" in ji Dale. "Baba, yau kuma da wace fuska?"

"Da wadda na saba. Laifin Oakes ne."

"To tsaya, kada ka ajiye. Akwai wata baiwar Allah a ɗaya layin, ta ce kai take nema. Hajiya, bismillah, muna jin ki."

Muryar mace ta shigo, a gajiye, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba.

"Sunana Lorna. Ba don kaina na kira ba, babana ne ya matsa. Ya ce in tambaya, wai wannan Virgil ɗin ne mai cika albasa a burodi?"

Virgil ya nemi kujera ya zauna. "Ni ne. 'Yata, ni ne. Yana ina?"

"Ga shi nan kusa da ni. Ɓarin jikinsa ne ya shanye tun bazara, magana sai kaɗan-kaɗan, ni kaɗai ke gane ta. Duk Litinin sai an kunna masa kai. Satin da ya wuce likitoci suka ce mu dawo da shi gida." Aka ji wani gurnani a bayanta. "To, Baba, zan faɗa. Ya ce in gaya maka kai ne da gaskiya. Laifin koci ne. Wai tun farko ma laifin koci ne."

Shekara talatin Virgil yana jiran wannan magana. Ya sha raya yadda zai miƙe ya yi rawa a kan matakala ranar da ta fito. Yanzu ga ta ta zo, amma ba ta rawa ba ce. Ya san Emmett. Mutumin da ko ranar da aka ci wasa sai ya samo wa kwatabak laifi ba zai sallama ba washegarin irin wasan jiya. Wannan ba sallamawa ba ce, sallama ce.

"Ƙarya yake!" Virgil ya daka tsawa har rediyon ya yi ƙara. "Ki gaya masa ban karɓa ba! Bai ga wasan jiya ba ne? Yaron nan ba shi da ido, ba shi da hannu, ba shi da kai! Oakes ya yi aikinsa, wannan sakaran ne ya zubar! Emmett, kana ji na? Kai ne da gaskiya, tsohon banza, ka zo ranar Lahadi ka faɗa mini a fuskata!"

"Jama'a, kun ji!" Dale yana ta ƙyaƙyata dariya. "Lauya ya kwance wa wanda yake karewa zani a kasuwa!"

A ƙarƙashin dariyar Dale, Virgil ya ji wani sauti daga ɗaya layin, ko tari ne ko dariya, bai tantance ba. Sai kiɗa ya shigo, wani ya fara tallan tayoyin hunturu.

Nan take ya sake kiran gidan rediyon. Yarinyar da ke ɗaukar waya ta gane shi.

"Baba Virgil, na tambaye ta lambar, wallahi na tambaya. Ta ce tsohon ya hana. Wai da baki ka san shi, ba ya so ka gan shi babu."

Virgil ya ce ya gode. Ya daɗe zaune da wayar a hannu, rediyo na ta surutu, an koma maganar wasan mako mai zuwa.

Lahadin ita ce wasan gida na ƙarshe. Ƙungiya ta riga ta fita daga gasa, sanyi kuma ya yi tsanani, don haka ba wanda ya sayi kujerar hagu. Virgil ya share ƙanƙarar da ke kanta da hannun rigarsa, ya ajiye burodi ɗaya a kai, ya zauna a tasa. Ba romo, sai ya riƙa hura hannuwansa.

Ba a jima da farawa ba Tennant ya ja da baya, ya duba, ya saki ƙwallo, ta tafi kai tsaye ƙirjin abokin gaba. Filin ya yi gunaguni. Virgil ya jira a daki cinyarsa. Da ya ga shirun ya yi yawa, sai ya gyara murya ya faɗa da ƙarfi, yadda ake faɗarta:

"Ko kakata ta fi shi saiti, kuma tana kabari!"

Ya karkata kai hagu, yana sauraron wanda zai ce masa wa ya ce yaron ya jefa.

Wani mutum a layin gaba ya waiwayo yana gyaɗa kai. "Gaskiyarka, Baba."

"Ƙwarai kuwa," in ji na kusa da shi. "Ai ba mai musu."

Virgil ya dube su, ya ga da gaske suke, ba mai musun. Ya ɗauki burodin da ke kan kujerar, ya mayar da shi aljihu tun bai daskare ba.