Tsatsa a Farin Wando

Shekara talatin da ɗaya tana wanke fararen wandunan Malam, shi ya sa ta san alkama ta inda babu wani mai digiri a tashar binciken da ya san ta, wato daga cikin bahon wanki. In wando ya dawo da kore a gwiwa, ana cirar ciyawa. In ya dawo da ƙaiƙayi a naɗin ƙafa, an shiga girbi. In kuwa ya dawo da wata hoda mai ruwan lemo daga gwiwa zuwa idon sawu, to cutar tsatsa ta kama wani iri, kuma ranar Malam ba zai ci abinci da daɗin rai ba.

Aikinsa ke nan tun kafin ya aure ta, gwada ire-iren alkamar rani. A shuka iri goma sha biyu, kowanne da lambarsa, kowanne a komi huɗu da aka warwatsa cikin fili don kada a ce ƙasa ce ta fifita wani. Ruwa ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya. Daga nan sai ido: wa ya riga nuna, wa iska ta kwantar, wa ya cika sikeli, wa cuta ta kasa ci. Farin wandon kuwa dabararsa ce. Yakan ratsa layin gefen komi, wanda dama ba a auna shi, ya fito ya dubi ƙafarsa. In ganye na da tsatsa, wando zai faɗa.

Bana ce shekararsa ta ƙarshe. Kuma bana ce Lamba Bakwai ta kai matakin da in ta ci, kwamiti zai sa hannu a yawaita irinta a raba wa manoma. Shekara goma sha biyu yana renonta, tun tana zangarniya ɗaya cikin ambulan. A gida ba a kiranta Lamba Bakwai. Da yaransu suka girma suka watse, shi da kansa ya raɗa mata Auta.

“'Yar Gari, da kin ga Auta yau!” ya ce da ya dawo cin abincin rana. Haka yake kiran matar tasa tun ranar da ya fara kai ta gona ta nuna alkama ta tambaye shi yaushe za a yanke wannan ciyawar. “Ta yi tsayi, ta yi gashi, iska na kaɗa ta kamar tana gaishe ni. Ko ɗigon cuta babu. Na ba ta maki ɗaya.”

A takardarsu ɗaya na nufin lafiya lau, tara na nufin cuta ta gama cin ganye.

“Sauran fa?” ta ce, idonta a ƙafarsa.

“Yau ban shiga kowa ba sai ita. Mai Awo ya duba sauran. Ni da 'yata muka sha hira.”

Ta ajiye faranti a hankali. Wandonsa, daga gwiwa zuwa ƙasa, kamar an barbaɗa masa garin bulo. Wannan ne karo na uku a mako biyu. Guda biyun farko suna ƙasan akwatinta a naɗe, ta kasa sa su a ruwa, ba ta ma san dalili ba.

A gaskiya ta sani. Ta san dalilin tun ranar da Malam ya zuba shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. Ta san shi da ya riƙa ɗaukar jarida ya ajiye yana cewa yanzu ba sa rubuta abin kirki. Ran nan ma rigar da ke rataye a ƙusa ya yi wa sallama, ita kuma ta yi tari a kicin kamar ba ta ji ba. Yanar ido ce ke rufe idon Malam a hankali, shi kuma ya rantse ba zai je asibiti ba sai ya miƙa Auta ga kwamiti, don in tasha ta ji, za a karɓe littafin gwajin a ba wani. Saura kwana tara kwamitin ya zauna.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta nufi tashar. Ta daɗe rabonta da wurin. Rumfar awo tana nan yadda ta san ta: sikeli mai kwanon tagulla, ƙananan buhuna rataye da lambobi, warin buhu da man inji. Mai Awo, abokin aikin Malam na shekara ashirin da shida, yana zaune yana ƙulla igiya. Da ya gan ta sai ya miƙe har kujerar ta faɗi.

“A'a! Yau wace rana? Matarmu da kanta? Ko kin zo kama shi ne?”

“Kai na zo kamawa,” ta ce. Ta kwance ƙullin da ke hannunta ta shimfiɗa wando a kan teburin awo.

Dariyar ta mutu a bakinsa. Ya daɗe yana kallon wandon, sannan ya cire hula ya sosa kai.

“Ashe kin gani.”

“Ni da ke wanki na gani, kai da ke tsaye a gefensa fa?”

“Na gani tun makon jiya. Daga ganyen ƙasa ta fara, yanzu ta hau. Duk komi huɗun.” Ya nisa. “Yaya, wannan mutumin shi ya koya mini riƙon fensir. Yana tsaye yana murmushi yana ce mini rubuta ɗaya. Da wane baki zan ce masa Malam, ba ka gani?”

“Sai ka rubuta?”

“Da fensir na rubuta,” ya ce a hankali. “Kullum ina cewa gobe.”

“In aka bar ta ta wuce fa?”

“A sikeli za ta iya ci bana, don cutar ta zo a makare. Amma a gonar mutane, shekarar da tsatsa ta zo da wuri...” Ya buɗe tafin hannunsa ya hura, kamar mai hure ƙaiƙayi. “Kuma kowa zai ce irin Malam ne.”

Ta naɗe wandon. Tana iya yin shiru, ya bar aiki da dariyarsa, a yi masa tafi. Ta san yadda fuskarsa za ta yi haske. Ta kuma san mijinta: ranar da labari ya iso shi cewa gonar wani ta ƙone da irinsa, ba zai ƙara ɗaga kai ba, kuma zai tambaye ta ko ta sani.

“Kana da tsohon farin ƙyalle?” ta ce.

Suka yaga wani tsohon labule gida goma sha biyu, Mai Awo ya rubuta lamba a kusurwar kowanne.

Sun sami Malam a bakin komin Auta, hannunsa a baya, fuskarsa a sama kamar mai sauraron waƙa. Filin ya miƙe har gindin bishiyoyin iyaka, komi bayan komi, wasu kore shar, wasu sun fara ja da baya zuwa ruwan ƙasa, kowanne da farin allonsa. Auta ta fi kowa kyau, babu musu. Doguwa ce, zangarniyarta cike, gashinta na sheƙi a rana. Sai da 'Yar Gari ta ji hawaye ya taho mata, don ta fahimci abin da ya sa mutum zai ba abu shekara goma sha biyu.

“Malam.”

Ya juyo, ya ƙanƙance ido. Muryar ya gane, ba fuskar ba.

“'Yar Gari a gona? Mai Awo, tsare min alkama, kada ta sa a yanke ciyawa!”

“Na zo ganin Auta ne. Kullum labari, kullum labari.”

Farin ciki ya kama shi har ya riƙo hannunta a gaban mutum, abin da bai taɓa yi ba. Ya ja ta cikin layin gefe yana bayani: wace ce uwarta, wane ne ubanta, yadda ta tsaya a shekarar da zafi ya ƙone kowa. Ta bar shi ya gama. Sannan ta durƙusa, ba ta saki hannunsa ba, ta ja shi ƙasa.

“Ka taɓa koya mini wani abu,” ta ce. “Ka ce ganye mai lafiya santsi ne da shi kamar kuncin jariri.”

Ta ɗora yatsunsa a kan wani ganye na ƙasa, ta ja su a hankali daga gindi zuwa tsini.

Ta ga lokacin da ya ji. Murmushin bai tafi nan take ba, tsayawa ya yi a fuskarsa kamar baƙon da bai san an tashi ba. Ya murza babban yatsa da manuni. Ya kamo wani ganyen, ya kamo wani. Ya rarrafa gaba kamu uku, dattijo da furfurarsa, yana shafa ganye ɗaya bayan ɗaya, duk ƙuraje ne, duk gari ne.

“Tun yaushe?” Muryarsa ta dushe.

“Wando uku,” ta ce.

“Kai kuma?” Bai juya ba, amma Mai Awo ya san da shi ake.

“Kunya ce, Malam. Ka yafe ni.”

“Kunya!” Ya miƙe da ƙyar. “Kun zuba mini ido ina rubuta ƙarya da bakina? Kun mai da ni abin tausayi? Ke ma, 'Yar Gari? Kina kallona ina zuba shayi a ƙasa kina gogewa?”

“Ina gogewa,” ta ce, hawayen ya zubo. “Zan ci gaba da gogewa har in mutu, bai dame ni ba. Amma wannan ba zai gogu ba, Malam. Wannan gonar mutane za ta shiga.”

Iska ta bi ta kan filin, alkama ta sunkuya ta ɗago. Can nesa injin ban ruwa na ta bugawa.

Da Malam ya sake magana, muryar aiki ce, wadda ta sani tun tana amarya.

“Mene ne a hannunki? Na ji kamar tsumma.”

Ta gaya masa. Ya yi wata gajeriyar dariya da ba ta kai ciki ba.

“Labulen ofishina? To. In za a yi, a yi daidai. Ba komi ɗaya ba, duk huɗun kowane iri. Ku ja shi a tsayi ɗaya, taku goma, ba ƙari. Kowane komi da kusurwarsa a ƙyallen. Mai Awo, ka ƙirga ganye da idonka yadda aka saba, ƙyalle shaida ne kawai. Ke kuma ki gaya mini abin da kika gani, ba abin da kike so in ji ba.”

Haka suka yi har rana ta karkata. Komi arba'in da takwas. Ita ke jan ƙyalle, Mai Awo na duba ganye yana rubutu, Malam na dafe da kafaɗarta yana shafa kowane iri da ɗaya hannun. Lamba Biyu ta ɗan yi ɗigo. Lamba Biyar, tsohon irin da manoma suka saba da shi, wanda ake gwada kowa da shi, ta ɓata ƙyalle rabi. Lamba Sha Ɗaya iska ta riga ta kwantar da ita.

Da suka zo Lamba Tara sai Malam ya tsaya.

“Wannan ai Guntuwa ce. Ba ta da kyan gani ko na kwabo. Na sa ta ne don cike layi.”

'Yar Gari ta ɗaga ƙyallen a rana, ta juya shi.

“Fari tas,” ta ce.

“Duk huɗun?”

“Duk huɗun.”

Ya sunkuya ya shafa gajeriyar alkamar, ya matsa zangarniyarta, ya ji taurin kara. Ya daɗe a haka.

“Shekara shida ina wuce ki ba gaisuwa,” ya ce mata. “Ki yi haƙuri.”

Suka koma rumfa. Mai Awo ya buɗe littafi a shafin Lamba Bakwai ya ɗauko abin gogewa.

“Kada ka goge,” in ji Malam. “Ja layi a kai, a ga na yi kuskure. Rubuta shida. Da biro. Ka rubuta a ƙasa cewa idon mai dubawa ya samu matsala, an sake duba duka ranar yau. Sauran sikeli zai faɗa a girbi.” Ya dafa teburin awo. “Ka ajiye mini ambulan ɗaya na Auta. Ƙarfin jure zafinta na nan, ba ƙarya ba ne. Wanda zai zo bayana ya haɗa ta da Guntuwa, ko 'ya'yansu za su gaji abin kirki daga kowane ɓangare.”

A hanyar gida bai saki kafaɗarta ba, ko da suka iso inda mutane suke. Sun kusa ƙofa ya ce, “Wannan asibitin da kike ta mita, da safe suke buɗewa?”

“Ƙarfe takwas.”

“To.” Suka ɗan taka. “'Yar Gari, wane irin launi ne? A wandon. Na manta yadda yake.”

Ta dubi ƙafarsa, ta dubi gefen zanenta, wanda shi ma ya rine.

“Ka tuna mayafin da na sa ranar da ka fara kai ni gona?”

“Wanda ya sa tsuntsaye suka gudu?”

“Shi.”

Ya yi dariya, ta gaske wannan karon, har da share ido.

“Ashe dai kyakkyawa ce, muguwar tsatsar nan,” ya ce. “Ki bar wando ɗaya kada ki wanke. In an buɗe mini ido ina so in gani.”